Dashen haƙoran Baba bayan gashin cutar kansa: littafin da nake ajiyewa

12 ga Oktoba, 2024

A watan Janairun bana Baba ya gama gashin kansar da ta kama shi a bayan hanci, can saman maƙogwaro, wato ƙona ta da hasken na'ura. A Abuja aka yi, gire 70 (gire shi ne ma'aunin yawan gashi) cikin mako bakwai, gire 2 kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a, ana haɗa masa da ƙarin ruwan maganin kansa. Hoton da aka ɗauka a Yuli bai nuna ciwon ba, alhamdu lillahi. Yanzu bakinsa ne aikin da ke gabanmu.

Kafin a fara gashin an cire masa duk haƙoran ƙasa, don dama sun daɗe suna rawa, aka jira mako biyu wurin ya rufe. Na sama na gaba ne suka rage. A Agusta aka yi masa haƙoran roba a wani shago cikin gari, amma sun ƙi zama. Da miyau haƙoran roba suke kama dasashi, shi kuwa Baba miyau ya ƙafe masa, domin gashin ya ƙona wuraren da ke samar da shi a gaban kunnuwa da ƙarƙashin haɓa. In zai yi magana su zame, in zai tauna su goge shi. Da muka je sashen haƙori na asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, likitan tiyatar baki da muƙamuƙi ya haska fitila, ya hango wani ɗan jan gyambo a can bayan dasashin hagu, ya ce, "Baba, ku cire su daga yau, kada ku ƙara sawa sai na ce."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Gashi yana toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke cikin ƙashi, ya kuma rage ƙwayoyin da ke gyara shi. A ido ƙashin yana nan da ƙarfinsa, amma in ya samu rauni ba ya warkewa yadda ya saba. Ɗan gyambo yana iya buɗewa har ƙashi ya bayyana, ya yi wata uku ko fiye bai rufe ba, daga nan ya fara mutuwa. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama shiga wannan hatsari saboda ƙarancin jininsa, kuma hatsarin yana tare da mutum har ƙarshen rayuwa.

Na tambaye shi batun dashe, wato dasa ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi don ya riƙe haƙora, wanda Yaya ya ji labari a Kano ya ɗora mana rai a kai. Bai ce a'a ba, bai kuma ba mu rana ba. Ya ce sai an cika shekara da gama gashi, kuma ba zai tura mu wurin kowa ba sai ya ga taswirar da ta nuna yawan gashin da ya faɗa wa kowane ɓangare na muƙamuƙin. Takardar sallamar da ke hannunmu jimilla kawai ta rubuta.

3 ga Nuwamba, 2024

Gyambon ya rufe. Amma an auna buɗin bakinsa da ɗan ma'auni, milimita 27 ya nuna. Likita ya ce duk wanda buɗin bakinsa bai wuce 35 ba, naman muƙamuƙinsa ya fara ƙagewa, kuma ba mai iya aikin dashe a bakin da kayan aiki ba za su shiga ba. A gida da yatsu uku ake gwadawa, a jera su a tsaye a tura. Baba biyu ne ke shiga.

An ba mu 'yan falankan katakon da ake danne harshe da su. Ana jera su, a tura tsakanin muƙamuƙai ta gefen da babu gyambo, a naɗe su da ƙyalle mai laushi don kada su ji wa dasashi ciwo, a riƙe na ɗan lokaci, a huta, a sake. Duk bayan salla yake yi, don haka ba ya mantawa. Yana jin zafi, ina ganin jijiyar goshinsa tana tashi, amma bai taɓa cewa a bari ba.

Haƙoran sama kuma an rubuta musu man goge baki mai ƙarfin fulorayid 5,000, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa. Wanda muke saya a shago ƙarfinsa yawanci tsakanin 1,000 ne da 1,450. A Bauchi ban same shi ba, sai Yaya ya aiko daga Abuja. Da dare ake gogawa, a tofar, ba a kuskure baki da ruwa bayansa.

9 ga Disamba, 2024

Hunturu ya shigo da ƙarfi, kuma ban taɓa sanin abin da miyau yake yi wa ɗan Adam ba sai da na ga wanda ba shi da shi. Mai lafiya yana samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, bai ma sani ba. Shi ke wanke baki, ya kashe tsamin abinci, ya hana ƙwayoyin cuta yin yawa. Baba yana farkawa da dare harshensa a manne da ganɗa, sai ya kurɓi ruwa kafin ya iya kiran sunan wani. Karatun Alƙur'anin da yake yi da asuba a bayyane, yanzu aya biyu uku sai ya tsaya ya jiƙa baki. Wannan ya fi damunsa fiye da rashin cin nama, ko da yake ba ya faɗa.

Makon jiya fararen tabo suka fito masa a harshe da cikin kumatu, ga raɗaɗi. Likita ya ce naman gwari ne da ke samun wuri a busasshen baki, ya rubuta nistatin. Sun fara bajewa.

Inna ta sauya girki gaba ɗaya. Miyar kuɓewa, karkashi, lalo, kuka, duk mai yauƙi ita ce take wucewa ba wahala. Yaji ya fita daga tukunyarsa. Masa sai an jiƙa ta sharkaf da miyar taushe. Goro ya bari tun lokacin gashi, taba kuwa dama bai taɓa sha ba, abin da likita ya ce babbar sa'a ce, domin taba na daga cikin manyan abubuwan da ke kayar da dashe ko a ƙashin da bai ga gashi ba.

Da masu zuwa dubiya nake fama. Kowa da alewarsa a aljihu, wai ya tsotsa bakin ya jiƙe. Niyyarsu mai kyau ce, amma sukari a bakin da babu miyau yana cinye haƙori tun daga gindi, ya zagaye shi har ya karye. Goggo ta ji haushi da na karɓe ledar da ta kawo. Na ce mata, "Goggo, ki yi haƙuri, likita ne ya hana, cingam marar sukari kawai aka yarda masa." Ta ce to Allah ya ba shi lafiya, amma ba ta sake mini fuska ba har ta tafi.

22 ga Janairu, 2025

Taswirar ta iso. Hoto ne na kan Baba a yanke-yanke, an shafe shi da launuka: ja a bayan hanci da gefen wuya, ruwan ɗorawa a kewaye, shuɗi a nesa. Likita ya ɗora yatsa a kusurwar muƙamuƙi ta baya, inda gyambon nan ya fito, ya ce nan ya sha fiye da gire 60. Ya matso da yatsan gaba zuwa haɓa, ya ce nan bai kai 30 ba. Daga gire 50 zuwa sama ne dashe ya fi yawan faɗuwa, ƙashi kuma ya fi saurin mutuwa. Ya ce dasa ƙarfe a can baya kamar shuka a fako ne, amma gaban haɓa akwai sauran danshi.

Duk wanda ke da majinyacin da za a yi wa gashi a kai ko wuya, ina roƙonsa da Allah ya nemi wannan taswira tun kafin ya baro asibitin, ya adana ta tare da takardun gida. Ranar sallama hankalin kowa yana kan komawa gida, babu mai tunanin haƙori. Amma ko cire haƙori ɗaya za a yi bayan shekara goma, wannan takarda ce za ta gaya wa likita inda zai taɓa da inda zai kauce.

An yi masa hoton muƙamuƙi na kwamfuta mai nuna kauri da tsayin ƙashi, da inda jijiyar leɓe ta bi. Ƙashin gaba ya isa. An gwada sukarin jininsa, lafiya lau. An tambaye mu ko an taɓa yi masa allurar ƙarfafa ƙashi irin zoledironet da ake yi wa wasu masu kansa, domin ita ma tana hana muƙamuƙi warkewa. Ba a taɓa ba. Likitan da ke kula da cutar kansar ya rubuto cewa ba shi da ja.

Shawarar da aka tsayar: ƙarfe biyu kacal, a gaban muƙamuƙin ƙasa, daga baya a yi haƙoran roba masu maɓalli da za su riƙa kamawa a kansu. Yaya ya so a jera masa haƙora kafaffu baki ɗaya, waɗanda ba a cirewa. Likita ya ce kowane rami da aka huda a wannan ƙashi rauni ne, kuma abin da ake cirewa a wanke, a duba ƙarƙashinsa, ya fi aminci ga wanda ake sa wa ido saboda dawowar cutar kansa. Ni ma nan na tsaya.

Buɗin baki ya kai 33.

16 ga Fabrairu, 2025

Yaya ya karanta a intanet cewa ana shigar da mutum wani ɗaki mai matsin iskar oksijin kafin a taɓa ƙashin da aka gasa, hankalinsa ya tashi cewa za mu yi aiki ba tare da shi ba. Na kai tambayar. Likita ya ce wani likitan Amurka, Robert Marx, shi ya yaɗa hanyar a shekarun 1980: shiga 20 kafin aiki, 10 bayan aiki. An daɗe ana bi. Amma wani gwaji da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2019, bai ga wani bambancin kirki tsakanin waɗanda suka shiga da waɗanda ba su shiga ba, don haka likitoci da yawa sun daina ɗaukarsa dole. Abin da ya fi muhimmanci a wurinsa shi ne hannu mai sauƙi lokacin aiki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da haƙurin jira.

Kuɗin aikin ya fi ƙarfin fanshon Baba nesa ba kusa ba. Mun haɗa tsakaninmu, Kawu ya sayar da bijimi ɗaya ya cika.

9 ga Maris, 2025

Azumi ya kama ranar 1 ga wata. An ɗage aikin sai bayan salla. Baba ya ɗauki na farko, kafin azahar leɓɓansa sun tsage, harshe ya yi jawur, magana ta gagara. Da la'asar na same shi zaune a zaure ya jingina da bango, gorar ruwansa a gefe bai taɓa ba. Na ce, "Baba, don Allah." Ya ɗaga mini hannu. Sai da aka sha ruwa ya iya cewa, "Uwata, tun ina yaro ban taɓa shan azumi ba sai bara."

Limamin unguwarmu abokinsa ne tun ƙuruciya. Ya zo har gida ya karanta masa ayoyin Suratul Baƙara da suka yi wa marar lafiya rangwame, ya ce tunda likitoci sun ce miyau ba zai dawo yadda yake ba, ciyarwa ce a kansa. Baba ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce wa Inna ta riƙa auna hatsin kullum.

17 ga Afrilu, 2025

Shekaranjiya aka yi dashen a Abuja, wurin likitan da namu ya tura mu. Allurar kashe zafi kawai aka yi masa, yana farke. An fara ba shi amoksisilin tun kafin aikin. Likitan ya ce ya huda a hankali, ana ta kwarara ruwan sanyi don kada ƙashin ya yi zafi, kuma ramukan biyu sun yi jini, wanda shi ne abin da yake son gani. Ya ɗaura ƙarafan, ya rufe su ruf da dasashi, ya ɗinke. Babu abin da ake gani sai zare.

Ƙarfen titaniyam ne mai zare, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Wani likitan ƙasar Suwidin, Branemark, shi ya lura a 1952 cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe har ya ƙi rabuwa da shi, a 1965 kuma ya dasa wa mutum na farko. A ƙashi mai lafiya wata uku kan isa a muƙamuƙin ƙasa. Baba an ce wata shida, kuma a tsawon lokacin babu haƙoran roba, babu abin da zai danna wurin.

Ina ganin tallace-tallace a Facebook na masu cewa a zo da safe a koma da haƙora da yamma. Wataƙila ga wasu hakan yana yiwuwa. Wanda aka yi wa gashi dai kada ya saurare su, kuma duk likitan da bai tambayi takardar gashi ba kafin ya faɗi kuɗi, a tashi a bar masa wurin.

2 ga Mayu, 2025

An cire zare a nan Bauchi. Kumburi ya sauka. Yana kuskure baki da kuloheksidin marar barasa safe da dare, an ce ya tsaya ƙarshen mako don yana rina haƙora. Kunu, fate, dankali da aka dama, ƙwai, kindirmo marar sukari.

10 ga Yuni, 2025

Babbar salla ta faɗo ranar 6 ga wata, gida ya cika da ƙamshin suya. Inna ta yi masa dambun nama mai laushi ta jiƙa da romo. Washegari da dare, ina duba bakinsa da fitilar waya kamar yadda na saba, na ga wani ɗan abu mai launin toka yana leƙowa ta dasashi, daidai inda aka dasa na dama. Jikina ya yi sanyi. Abin da aka ce mu ji tsoro ke nan, ƙashi a waje. Na taɓa wurin da auduga, ya ce ba zafi. Babu wari, babu ruwa, leɓensa bai mutu ba. Duk da haka ban runtsa ba.

Jiya likita ya duba, ya ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe, ya ce murfin dashen ne ya huda dasashin saboda fatar wurin ta yi siriri bayan gashi. Ya ɗauki hoto, ƙashin da ke kewaye yana nan daram. Ya ce a bar shi a buɗe, a riƙa share shi da auduga da maganin kuskure baki. Ya kuma nanata mini alamun da ba a kwana da su a gida: ciwo mai zurfi da ba ya jin magani, wari, mugunya, mutuwar leɓe ko haɓa, ƙashi mai kaushi da harshe ke ji, ko gyambon da ya wuce mako biyu.

21 ga Oktoba, 2025

Wata shida sun cika. An buɗe na hagu, an gwada duka biyun, babu wanda ya motsa. An ɗaura musu kawuna, yanzu ƙarafa biyu ne ke leƙe a dasashi. Hoton bibiyar cutar kansar na wannan zangon shi ma ya fito lafiya. Buɗin baki 36, kuma an ce kada ya daina falankan, don in aka bari naman yana sake ƙagewa.

18 ga Nuwamba, 2025

An sa haƙoran. Likita ya danna, muka ji ƙas, suka zauna. An rage musu tsawo ta baya, an lulluɓe cikinsu da roba mai laushi don kada su taɓa wurin da ya sha gashi da yawa. Ya ce wa Baba ya karanta wani abu ya ji. Ya karanta Fatiha daga farko har ƙarshe, haƙoran ba su zame ba, sin da sad suka fito fes. Da yamma ya ci masa uku da miya da ɗan naman kaza.

Sharaɗi: a cire bayan kowane abinci a wanke, a kwana ba tare da su ba, suna cikin ruwa mai tsabta.

14 ga Disamba, 2025

Dasashin da ke kewaye da ƙarfen hagu ya yi ja, yana jini in an goge. Likita ya zura ɗan ma'auni a gefensa, ya ce kumburin bai wuce nama ba, bai taɓa ƙashi ba, kuma a wannan matakin yana warkewa sarai in an cire dattin. In aka bari ya gangara ya fara cin ƙashin da ke riƙe da ƙarfen, abin da ya tafi ba ya dawowa cikin sauƙi, ballantana a ƙashin da aka gasa.

Dalilin a fili yake. Ƙarfe ba ya ruɓewa, don haka Baba ya ɗauka ba ya buƙatar wanki sosai, ga shi ba ya jin ciwo a wurin. Hunturu kuma ya dawo, datti yana bushewa ya manne a gindin ƙarfen ta ɓangaren harshe, inda ba ya gani. An kankare masa a asibiti. An ba mu ɗan burushi mai tsinin kai guda. Aswaki ya ci gaba da yi a haƙoran sama a hankali, amma kada ya kai shi gindin ƙarafan, don fatar wurin ba ta jure kaushi.

Yanzu bayan isha'i ni ko ƙanwata muke zama gabansa, ɗaya ta riƙe fitila. A jiƙa baki tukuna, a zagaye kowane ƙarfe da burushin, gaba, baya, gefe da gefe, a share da auduga, a duba dasashi har can ƙurya. Da farko yana jin nauyi, yana cewa, "Uwata, ku bari zan iya." Na ce masa idonsa ba ya kaiwa wurin, namu yana kaiwa. Ya bari.

11 ga Janairu, 2026

Jinin ya tsaya, jan ya baje. An ɗauki hoton ƙarafan biyu, an ajiye a fayil don a riƙa gwada tsayin ƙashin da shi duk shekara. Ganin likitan haƙori duk wata uku ne, ba ranar dainawa. Robobin cikin maɓallan suna saki da amfani, za a riƙa sauya su in haƙoran sun fara sassautawa. Nauyinsa ya ƙaru, rigunansa sun fara zama masa.

Sabon aiki ya fito a sama. Haƙori ɗaya na gefen dama ya yi baƙi a gindi duk da man fulorayid ɗin. Likita ya koma kan taswira, wurin ya sha gashi fiye da gaban haɓa, don haka cirewa ba ta cikin lissafi. Za a kankare a cike, in ruɓar ta kai jijiya a kashe jijiyar a bar saiwar a wurinta. An ba mu ranar 27 ga wata, don a gama kafin azumi.